Yini Guda a Birnin Dikko: Jagorar Ziyarar Wuraren Tarihi ga Mutanen Batsari da Safana

Da wuya a sami magidanci a Batsari ko Safana wanda bai san hanyar Katsina ba. Asibiti na kai mu, kotu na kai mu, sarin kaya da neman takarda a ofis da ta'aziyya duk suna kai mu. Sai dai da buƙata muke shiga birnin, da gaggawa muke fita, ba ma ɗaga kai mu dubi abin da muke wucewa. Yaranmu suna haddace sunan Gobarau don cin jarrabawa, alhali ga hasumiyar nan tsaye, tafiyar safiya ɗaya daga ƙofar gidansu.

Mutum biyu nake nufi da wannan jagora: uban da ke son kai iyalinsa, da malamin firamare ko sakandare da ke son ɗalibansa su ga abin da yake rubuta musu a allo. Yini guda ya isa, in an tsara shi. In ba a tsara ba, yawo za a sha a rana, yara su galabaita, a koma gida da hotuna cike da waya amma ba wanda zai iya faɗin abin da ya gani.

A fara da zaɓen lokaci. Bayan an kai amfanin gona gida, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne daidai: rana ba ta da zafi sosai, aljihu kuma bai bushe ba. Da damina matakalar ƙasa ta Gobarau santsi take yi, da bazara kuwa ƙaramin yaro ba zai jure yawon birni ba. A zaɓi ranar aiki, Litinin zuwa Alhamis. Ranar Juma'a tsakiyar gari cika take yi, ma'aikata kuma da wuri suke tashi. Ranar Sallah, a shekarar da aka yi hawa, abin kallo ne na daban, don a nan yaro zai ga Sarkin Ruma da Yariman Katsina, hakiman ƙasarsa, sun shigo da dawakansu cikin jerin hakimai. Amma ranar kallo ce, ba ranar da wani zai tsaya ya yi maka bayani ba.

Maganar hanya ba a yi mata wasa, kuma duk wanda ke zaune kusa da dajin Rugu ya san dalili. A tashi bayan gari ya waye sarai, a tambayi direbobin tasha halin da hanya ta kwana, a kuma ƙudurta cewa da la'asar sakaliya an baro Katsina, ko an gama kallo ko ba a gama ba. In labarin safiya bai yi daɗi ba, a ɗaga tafiyar. Gobarau ba ta zuwa ko'ina. Malamin da zai ɗauki ɗalibai ya nemi yardar iyaye a rubuce da izinin ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ya riƙe sunayen yaran a takarda, ya ƙirga su duk inda aka sauka da duk inda za a tashi. Gara mota ɗaya da yara kaɗan da za su ji bayani, da a kwashi makaranta guda.

Kafin ranar, a aika wa gidan tarihi takarda, a faɗi ranar zuwa da yawan masu zuwa, don a tanadi jami'in da zai zagaya da ku. A riƙe 'yan canji na shiga da na ihsani ga masu kula da wurare, da ruwan sha, da takalmin da ba ya wahalar cirewa. Kowane yaro ya zo da littafin rubutu da fensir. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi amfani.

Mai fitowa daga Batsari ta Ƙofar 'Yandaka zai shiga birni. Mai fitowa daga Safana, in ya biyo ta Dutsin-Ma, Ƙofar Ƙwaya ce za ta tarbe shi. Ko ta wacce aka zo, a roƙi direba ya tsaya, a sauka, a shiga da ƙafa. Tsohuwar Katsina ƙofofi bakwai aka san ta da su: Ƙaura, Ƙwaya, 'Yandaka, Guga, Sauri, Durɓi da Marusa. Ta Ƙofar 'Yandaka Baturen nan Lugga ya shiga da sojojinsa a 1903, lokacin Sarki Abubakar na kan gado, kuma ba a yi yaƙi ba kamar yadda aka yi a Kano da Sakkwato a wannan shekarar. Ke nan duk ɗan Batsari da ya je birni, ta inda mulkin Turawa ya shigo Katsina yake bi. Yawancin ƙofofin an sake gina su da kayan zamani, ganuwar kuma gidaje da masu ɗiban ƙasa sun cinye mafi yawanta. Duk da haka a duba hagu da dama, a nemi ɗan tudun jar ƙasa da ya saura, a nuna wa yara kaurinsa. Daga kaurin za su gane irin aikin gayyar da aka yi, da irin tsoron da ya sa aka yi shi.

Daga ƙofa sai Gobarau, tun rana ba ta ɗaga ba. Kowane mai Keke Napep ya san wurin. Na fi son a fara da ita saboda daga samanta ake ganin shimfiɗar tsohon birni, sauran wuraren da za a je duk sai su zauna a kan mutum.

Hasumiyar ta kai kimanin mita 15, wato ƙafa 50, kuma da ƙasa aka gina ta. Ita ce abin da ya saura na babban masallacin da ake dangantawa da Muhammadu Korau, Sarkin Katsina Musulmi na farko. Masana sun saɓa kan shekarun sarautarsa, wasu na kai shi ƙarni na 14, wasu na 15, amma sun haɗu a kan cewa nan ne masallacin Juma'ar gari kuma makarantarsa, inda malamai da almajirai daga nesa suke taruwa. Ta kuma yi aikin hasumiyar tsaro, don daga samanta ake hango ƙurar mahara tun suna nesa. Bayan jihadi, da Ummarun Dallaje ya karɓi garin wajen 1807, aka koma sabon masallaci, wannan ya yi ta lalacewa har zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka tara magina aka yi wa hasumiyar babban gyara.

A nan akwai abin da ya kamata malami ya fayyace wa yara, don kada wani ya ruɗe su daga baya. Yaɓen da suke gani ba na zamanin Korau ba ne. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa: damina ta zaftare, magina su mayar, haka ake yi tun kaka da kakanni. Tsufan Gobarau yana ga wurin da take tsaye, da siffarta, da hannayen da ba su daina gyara ta ba. A sa yara su dubi yadda gindin ya fi sama faɗi, su nemi azara inda ta leƙo, su lura da inda aka bar wa ruwa hanya. Yaron da ubansa ko kakansa magini ne zai fi kowa saurin ganewa, a bar shi ya yi wa 'yan'uwansa bayani.

Mai kula da wurin shi ke ba da izinin hawa. A yi masa sallama yadda ta kamata, a ce, "Baba, baƙi ne daga Batsari, mun kawo yara su ga tarihi, ko za a taimaka mana?" Matakalar ƙunci gare ta, don haka a hau kaɗan-kaɗan, babba a gaba, babba a baya, ba gudu, ba jingina da baki. Kada a bar kowa ya kankare bango ya rubuta sunansa. In aka saurare shi, zai ba ku labarin gardamar alƙibla da aka yi lokacin ginin, da Malam Jodoma da aka ce ya nuna da sandarsa jama'a suka hangi Ka'aba. Labarin baka ne, a karɓe shi a matsayinsa, a kuma rubuta shi yadda ya faɗa, don shi ma kayan tarihi ne.

Kuna saman nan, ga abin da zai faɗaɗa wa manyan ɗalibai tunani. A 1492 Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ƙasar Sifaniya ta yau, ta faɗi. Kusan a daidai wannan lokaci Shehu al-Maghili ya zo Kano da Katsina yana karantarwa. A birnin Ishbiliya, wanda ake kira Sebiya yanzu, hasumiyar masallacin da aka kammala a 1198 tana nan tsaye; an mayar da ita ta ƙararrawar coci, amma ba a rushe ta ba. Fadar Alhambra ta Garnaɗa kuwa, mutum sama da miliyan biyu ke shigarta a shekara, har sai an sayi tikiti tun kafin ranar. Mutanen da ba addininsu ɗaya da maginan ba sun riƙe gine-ginen suna cin moriyarsu. Tamu ta ƙasa ce, ta fi tasu buƙatar kulawa, kuma ginin da ba a ziyarta shi hukuma ke fara mantawa da shi in an zo rabon kuɗin gyara.

Daga Gobarau a wuce gidan tarihi kafin azahar, tun yara na da sauran kuzari. Ka ce a kai ku tsohuwar Kwalejin Katsina. Ginin kansa shi ne abin kallo na farko, don haka kada a yi saurin shigewa ciki. Gwamna Hugh Clifford ya buɗe makarantar a 1922 don horar da malamai, kuma ita ce babbar makarantar boko ta farko a Arewa. Ginin ƙasa ne irin namu, mai kaurin bango. A sa yara su tsaya a rana, sannan su shiga ɗaki su ji bambancin sanyi, su ɗaga kai su dubi rufin. A waɗannan ɗakuna Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Nan Kashim Ibrahim ya zauna, nan Abubakar Imam mai Magana Jari Ce ya zauna. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, daga baya Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Yaron ƙauye da ke ganin ajinsu bai kai a fito da wani babba daga cikinsa ba, ya kamata ya tsaya a ɗakin ƙasar da Firayim Minista Tafawa Ɓalewa ya fito.

Gidan yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Za a rubuta suna a littafin baƙi, a haɗa ku da jami'i. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne son ganin komai. Mutum ya ratsa ɗaki bayan ɗaki, ido na yawo a kan tukwane da makamai da tsofaffin hotuna, ya fito bai riƙe ko ɗaya ba. Dabarar ita ce a zagaya sau ɗaya tare da jami'i, sannan a ce kowane yaro ya koma ga abu guda da ya ja hankalinsa, ya zauna gabansa ya zana shi a littafinsa, ya nemo amsar tambaya uku: a ina aka samo shi, da me aka yi shi, wa ya yi amfani da shi. Zanen ba sai ya yi kyau ba. Amfaninsa shi ne yana tilasta wa ido ya tsaya, har yaro ya ga ɗinkin da ke jikin lifidi ko zanen da ke wuyan tulu, abin da mai ɗaukar hoto ba ya gani.

Ba a taɓa kayan, ko da ba gilashi a gabansu, domin gumi da maiƙon hannu suna cin ƙarfe da fata da takarda a hankali. Ba a ɗaukar hoto sai an tambaya. Su kuma iyaye, kada kunya ta hana su magana. Sau da yawa tsohuwar da aka zo da ita ta fi takardar da aka manna sanin sunan abin da yadda ake aiki da shi, jami'an kirki kuma suna murna da irin wannan baƙuwa.

Lallai a tambayi jami'i labarin Durɓi ta Kusheyi. Wuri ne a ƙasar Mani, gabas da Katsina, inda ake da tuddan kaburburan sarakunan farko. An tona wasu a 1907, zamanin Baturen mulki Palmer, aka sake tona wasu a farkon shekarun 1990. An sami 'yan kunne na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun ado, da wuri, da kwanon tagulla wanda masana suka danganta da ƙasashen Larabawa na gabas. An kai kayan birnin Mainz na Jamus an gyara, daga baya aka dawo da su Nijeriya. Abin da suke nunawa shi ne, ɗaruruwan shekaru kafin Lugga ya tsaya a Ƙofar 'Yandaka, ƙasar nan tana ciniki da duniya ta hanyar Sahara.

Bayan sallar azahar da ɗan abin taɓawa, a nufi Ƙofar Soro. Gidan Korau gidan sarki ne mai rai, ba gidan kallo ba, saboda haka iyakar baƙo filin ƙofar fada, sai fa in an nemi izini tun da wuri ta hannun hakimi. A gaida dogarai, a tambaya kafin a ɗaga waya. Nan ne wurin ba da labarin Korau da abokin karawarsa Sanau: kokawar da suka yi, da asirin da aka ce matar Sanau ta tona, da takobin nan Gajere wanda har yau yana cikin kayan sarautar Katsina. A taƙaita, don yara sun fara gajiya.

In da sauran lokaci, a rufe da ziyarar kaburburan malamai. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani sun rayu a ƙarni na 17, sun karantar, sun yi rubuce-rubuce da Larabci. Ɗan Masani ya rasu a 1667. A maƙabartar Ɗan Marina aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. Ladabin maƙabarta ba baƙo ba ne gare mu: sallama, addu'a ga mamata, ba taka kabari, ba hayaniya, ba hoto. Daura da rijiyar Kusugu, da ita kanta Durɓi ta Kusheyi, a bar su sai wata tafiyar. Wanda ya ce zai haɗa su da Katsina a yini ɗaya, dare zai yi masa a hanya.

Sauran aikin a gida yake, kuma a ganina ya fi na birni gaggawa. Ƙasar Batsari da Safana ba bayan fagen tarihi take ba. Bayan jihadi, da sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, yankin Ruma ya zama bakin daga tsakanin ɓangarorin biyu kusan ƙarni guda, shi ya sa garuruwanmu suka yi ganuwa, wasu suka jingina da duwatsu. Daga Ruma ake ba da labarin Ɗanwaire, mayaƙin da sunansa ya zaga ƙasar Hausa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya bar Katsina a 1853 zai tafi Sakkwato, ta Kuraye da Kurfi da Zakka ya bi kafin ya shiga daji. Malamin da ke son zurfafawa ya nemi littafin Dokta Yusufu Bala Usman kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981.

Ba na cewa a kwashi yara a shiga kufai ko a hau dutse a halin da ake ciki. Duk wurin da mai gari da mutanen wurin ba su ce lafiya ba, ba a zuwa. Amma akwai abin da ba ya buƙatar fita gari. Rashin tsaro ya taso ƙauyuka da dama, tsofaffinsu suna zaune cikin Batsari da Safana da Dutsin-Ma da Katsina, kuma a kansu tarihin garuruwan yake: wa ya sari garin, ina ƙofofinsa suke, wace rijiya ce ta fari, wace kuka ake taruwa a gindinta. Yaron da ya koyi tambaya uku a gidan tarihi zai iya durƙusawa gaban kakarsa ya ce, "Iya, garinmu na da, daga ina aka taso aka zo shi?" A ɗauki muryar a waya da yardarta, a rubuta sunan garin da ranar da aka yi hirar, a ajiye kwafi a makaranta. A yi tambaya ɗaya a yi shiru; tsoho ba ya son a riƙa katse shi.

Sai kuma abin da garma ke tonowa. Mutum-mutumin yumɓu da ake samu a ƙasar Katsina sun shiga kasuwar masu fasa-ƙwauri har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su, tare da na Nok da na Sakkwato, cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi duniya kada a saya. Dokar Nijeriya ta hana sayar da irin waɗannan kaya ko fitar da su ba izini. In manomi ya ci karo da tsohuwar tukunya, ko kan mutum na yumɓu, ko tarin kashin maƙera, kada ya fasa don neman abin da ke ciki, kada ya wanke, kada ya ba dillali. Ya bar shi inda yake in zai yiwu, domin wurin da aka sami abu da zurfin da yake su ne rabin labarinsa. Ya shaida wa mai gari, mai gari ya kai ga hakimi, a sanar da gidan tarihi na Katsina.

Malam, kafin a tashi hutun zangon nan, ka rubuta takardar nan zuwa gidan tarihi, ka sa rana, ka kuma ba kowane ɗalibi aikin hira da tsoho ɗaya a gidansu kafin ranar tafiya.